Salsalar Wajen Uwa

Tun ban iya ɗaura zane da kyau ba na iya jero kakannin babanmu. Ba abin yabo ba ne, don a gidanmu ko akuya ce ta daɗe a tsakar gida sai ta iya. Malam muke ce masa, mu da ɗalibansa da Inna duka. Bayan la'asar, idan karatu ya lafa, yakan jingina da bangon zaure ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya: wane ɗan wane, wanda ya yi karatu wurin wane, wanda ya shigo Tambuwal da littattafansa a kan jaki. Ya san wanda ya makance da tsufa, da wanda ciwon ciki ya kashe a hanyar Makka, da wanda ya mutu haƙoransa a cike. Mu yara muna laɓe bayan ƙofa muna bi a zuci. Duk maza ne, kuma duk ta wajen uba.

Inna kuwa 'yar Fakku ce, can cikin ƙasar Kebbe, gidan manoma. Malam bai taɓa raina su ba, wannan ni shaida ce. Duk kaka sukan aiko da gero da dawa, shi kuma ya mayar musu da goro da addu'a. Amma ban taɓa jin an jero su ba. Mutanen Fakku ake ce musu a dunƙule, kamar su duka mutum ɗaya ne. Hanyar garin da damina ba ta biyuwa, matar malami kuma ba ta yawo, shi ya sa na girma na san kakan kakan babana fiye da yadda na san ƙanen uwata.

Yaya shi ne ɗan fari, ni ke bi masa. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba sai an yi masa bayani. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Tun da aka yaye shi Goggo ta ɗauke shi, wato yayar Malam da mijinta ya rasu ta dawo gida, a ɗakinta ya tashi. Ɗakin Goggo da na Inna suna kallon juna, amma idan Inna za ta yi zancensa sai ta ce “wancan”, ko “na Goggo”. Ni dai da yake idona ba ya barin komai ya wuce, na gano ta tun da wuri. In tana raba tuwo, a ƙarƙashin nasa take tura tsokar nama ta rufe da malmala, ta miƙa mini kwanon ta ce in kai ɗakin Goggo, fuskarta a ɗaure kamar wadda aka yi wa laifi.

Shekarar da aka raba jiharmu aka bar mana sunan Sakkwato, abubuwa sun riga sun fara canzawa. Kuɗin mai ya shigo, babura sun cika gari, rediyo ya shiga gidajen da a da ko fitilar ƙwai ba su da ita. Aka buɗe kemis kusa da kasuwa. Malam ba ya cikin malaman da suka ƙi maganin asibiti. Yana ba da rubutun sha, yana kuma ajiye ƙwayoyi cikin wani gwangwani a kan littattafansa. Akwai wata farar ƙwaya da ya yarda da ita ƙwarai, ta zazzaɓi da tari. Ɗalibi ya kwanta, a ba shi. Maƙwabci ya aiko, a ba shi. Suna sha suna tashi, su zo har zaure su yi godiya. A ganinmu a lokacin magani magani ne, abin da ya warkar da wane zai warkar da kowa, in dai kwana bai ƙare ba.

Ƙarshen daminar nan zazzaɓi ya kwantar da mu tare, ni da Yaya. Ya fara zama saurayi, har ya soma taya Malam biya wa ƙanana karatu, ni kuma ina firamare. Malam da hannunsa ya ba mu ƙwayar, daga gwangwani ɗaya, da ruwan moɗa ɗaya, ya yi bisimilla ya sa mini a baki, ya yi bisimilla ya sa masa. Ni ban daɗe ba na miƙe ina neman ƙanzo. Shi ma da farko kamar ya samu sauƙi, sai kuma jikinsa ya saki. Ko tashi zaune ya yi sai ya dinga haki. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, tafin hannunsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Goggo ta ce shawara ce, ta haɗa jiƙo. Malam ya ce zazzaɓin ne bai gama fita ba, a ci gaba da ƙwayar, don mai kemis ya ce ba a yanke ta a tsakiya. Kowa ya yi iyakar abin da ya sani.

Ranar da aka ga abin ya fi ƙarfin gida, aka samo a-kori-kura za a kai shi babban asibiti a Sakkwato. Malam da Goggo ne suka tafi da shi. Da aka fito da shi a kan tabarma, ɗalibai biyu na riƙe da bakinta, Inna tana daka a gindin ɗakin girki. Ba ta ajiye taɓaryar ba. Ba ta zo ƙofa ba. Ya juyo da kai yana dubanta, ita kuma tana duban turmi. A ranar na tsane ta, kuma na daɗe ban daina ba.

Gawarsa aka dawo da ita. Abin da na fi riƙewa daga ranar shi ne ƙanshin kafur da ya cika tsakar gida bayan an yi masa wanka. Mata suka cika gidan, Goggo tana kuka har tana shiɗewa, Inna kuwa tana zagayawa da ƙwaryar ruwa tana ba baƙi, kai ka ce ɗan maƙwabta ne ya rasu. Na ji tsofaffi suna yaba ta, wai ga mace mai kunya, ga 'yar mutunci.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata yamma Malam ya shigo cikin gida ya zauna a kan turmin da aka kwantar, abin da ba ya yi. Goggo yake wa magana, amma muna ji. Ya ce likitan da ya duba yaron, wani baƙo ne da ake yi wa tafinta, ya ce jininsa ne ya ƙare, kamar wani abu ya farfasa shi daga ciki. Ya tambaya ko a dangi an taɓa samun mai irin wannan. Malam ya ce ya tsaya ya bi kakanninsa kaf, har wanda ya zo a kan jaki, bai samu ko ɗaya ba. Likitan ya ce wajen uwar yaron fa, shi kuma ya ce bai taɓa ji ba. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ji ba. Inna tana tankaɗe a lokacin. Na ga hannunta ya tsaya a kan rariya, garin ya daina zuba. Sannan ta ci gaba da tankaɗenta.

Shekaru suka wuce. Na shiga makarantar horon malamai ta mata, na fito, na auri wani malamin makaranta ɗan Dogon Daji, mutum mai sanyin hali da nake jin daɗin ja da shi don ba ya ramawa. Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gida Tambuwal in haihu a gaban Inna, yadda aka saba. Mijina ya je Sakkwato ya yiwo sayayya ta mai albashi: 'yan riguna, hulunan ulu, safa, da farin mayafin jariri mai laushi. Goggo ta karɓe su ta jera cikin akwatin da Malam ya dawo da shi daga Makka, ta watsa musu fararen ƙwayoyin nan na kanti da ake sa wa tufafi don asu da kyankyasai. Su ma kafur muke ce musu. Kowane gida mai akwati yana da su a lokacin, ƙanshinsu ma alama ce ta cewa kana da abin ajiyewa.

Na haifi namiji. Aka naɗe shi cikin mayafin nan, aka sa masa hular ulu duk da zafin da ake yi, don a ga kayan uba. Ni kuma na shiga sahun da aka shirya mini tun ina yarinya. In an miƙo mini shi in ba shi nono sai in juya fuska bango. In mata sun zo barka sun ce ya yi kama da wane, in sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba. Na iya abin sosai, ban ma san na iya ba sai da na ga kaina ina yi.

Inna ce ta ba ni mamaki. Kaka ba ta da kunyar jika, miji ne a wurinta, abokin wasa. Matar da ban taɓa gani ta rungumi ɗa namiji ba sai ga ta ta ɗora shi a cinya tana yi masa tsiya, wai wane irin ango ne wannan da ya zo hannu biyu babu ko goro, wai ita ba ta auren mai gashin baki uku ma balle wanda ba shi da haƙori. Tana dariya har haƙorinta na Makka ya fito waje. Na kalle ta na gane wasan nan ba yau ta tanade shi ba.

Ana shirin suna, an riga an sayo rago an ɗaure a bayan ɗaki, sai yaron ya fara canzawa. Ni na fara lura, don ni ke ba shi nono. Ya daina kamawa da ƙarfi, ya tsotsa kaɗan ya saki ya yi barci. In ya yi kuka, kukan siriri ne mai tsini, ba irin na farko ba. Da hantsi na saci kallonsa a bakin ƙofa inda haske yake, na ga farin idonsa. Na san launin nan. Amma bakina ya ƙi buɗewa. Ɗakin cike yake da mata, ni kuma mai ɗan fari ce. Ina da takardar shaidar malanta a akwati, na karantar da yara tsabta da kiwon lafiya, amma na zauna na yi shiru ina murza bakin zane.

Goggo ta duba ta ce shawarar jarirai ce, kowane yaro yana yi, a ɗan nuna shi ga rana da safe, a ba shi jiƙo, kafin suna ta washe. Ba ƙarya ta yi ba, ta ga da yawa sun yi sun warke. Inna ta karɓe shi, ta daina wasan. Ta fita da shi tsakar gida, ta danna yatsa a kan hancinsa ta ɗaga, ta buɗe bakinsa ta duba dasashi, ta kwance mayafin ta dubi cikinsa da tafin ƙafarsa. Ta dawo ta ajiye mini shi a cinya, ba ta dube ni ba. Sai ta ɗauki mayafinta ta nufi zaure.

Tunda aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa leƙa zaure da rana ba. Malam yana tsakiyar ba da karatu, manyan ɗalibai masu gemu sun kewaye shi. Daga inda nake ina jiyo muryarta, don ba ta rage ta ba.

“Malam, ka gafarce ni. Magana nika so.”

Karatu ya tsaya cak. Na ji ya taso ya zo bakin ƙofa yana tambayar mi ya faru.

“Yaron ga a kai shi Sakkwato yau,” in ji ta. “Abin da yat tafi da wancan na. Na san shi. Daga gidanmu yaf fito.”

Goggo ta biyo ta tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai ina aka taɓa fita da mai jego da ɗanyen jiki, ina aka taɓa ɗaukar jaririn da ba a raɗa wa suna ba a hau titi da shi, a bari a yi suna mana. Inna, wadda ban taɓa jin ta mayar wa Goggo magana ba, ta juyo ta ce in aka tsaya jiran suna ba za a samu wanda za a sa wa shi ba. Malam bai ƙara tambaya ba. Ya sallami ɗalibai, ya tura ɗaya a kan babur ya kira mijina daga makaranta, ya tura wani tasha neman mota.

A hanya Inna ce ta riƙe shi. Ni ina gefe, jikina duk ciwo, ina kallon gonakin da aka girbe suna wucewa. Malam yana gaba yana jan carbi.

Likitan da muka samu wannan karon ɗan ƙasa ne, saurayi, Hausarsa irin ta rediyo. Ya duba yaron, fuskarsa ta canza, ya sa nas ta ɗebi jini a diddigensa a kai a auna. Sannan ya juya wajen maza, don su ne a tsaye a gabansa, ya yi tambayar da aka yi wa Malam shekarun baya: ko a dangi an taɓa samun mai irin wannan. Mijina ya ce a gidansu dai bai sani ba. Malam ya buɗe baki zai yi magana, sai Inna ta riga shi daga bayan ƙofa inda muke zaune a kan benci.

“Likita, ni za ka tambaya.”

Ta miƙe ta shigo. Ta fara jero su yadda Malam ke jero nasa, da murya ɗaya, ba gaggawa.

“Ƙanen innata, ya sha ƙwayar disfensa, fitsari nai yak koma baƙi, da kyar yat tashi. Ƙanena da muke ciki ɗaya, hakanan, har sau biyu, munka ce ruwan tafki na. Ɗan yayata, jinjiri, idanu nai sunka yi ɗorawa, ba a kai ga suna ba.” Ta dubi likitan. “Sannan ɗana.”

Likitan ya tambaye ta wanne daga ciki, don bai san komai a kanmu ba.

“Na fari,” in ji Inna. Sai ta faɗi sunansa.

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗe shi cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. Sannan ta zauna a ƙasa, a kan simintin asibiti, a gaban surukinta da baƙon namiji, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka dawo da gawa. Ban san lokacin da na sauko na riƙe ta ba. Tsanar da na ɗauka tun ina firamare a nan ta sauka, ta bar ni da kunyar kaina da tausayinta.

Likitan ya bari ta lafa. Ya ɗauki hular ulun ya shinshina, ya tambaya a ina aka ajiye kayan, aka gaya masa. Nan take ya sa aka tuɓe wa yaron komai aka fitar da su daga ɗakin. Ya yi mana bayani da sauƙi. Ya ce akwai mutanen da aka halicci jininsu babu wani abu da ke kare shi, lafiyarsu ƙalau har sai sun haɗu da wasu magunguna, ko wannan kafur na akwati, sai jinin ya farfashe. Ya ce gado ne, ta jikin mata yake bi, ya fi bayyana a kan 'ya'yansu maza. Ƙwayar da za ta tashi mutum goma, in ji shi, ita ce za ta kwantar da irin waɗannan, ba don ƙwayar ba ta da kyau ba, sai don ba tasu ba ce. Malam ya tambaye shi waɗanne ƙwayoyi ne. Ya lissafa masa, farar nan ta gwangwani tana ciki. Malam ya ce to, ya gode. Ya fita ya zauna a gindin dogonyaro a harabar asibitin, bai shigo ba sai bayan an kira la'asar.

Awon ya tabbatar da abin da likitan ya zata. Aka canza wa yaron jini ta cibiya, aka kwantar da shi tsirara ƙarƙashin wata fitila, an rufe masa ido. Ranar suna muna asibiti. A Tambuwal aka yanka ragon, mu kuma mijina ya sunkuya a kan ɗan gadon ya raɗa masa suna a kunne. Bai yi shawara da kowa ba, ya sa masa sunan Yaya.

Bayan mun dawo gida da yaron a raye, wata yamma Malam ya sake shigowa ya zauna a kan turmin nan. Wannan karon Inna ya fuskanta. Ina ɗaki ina jin su.

“Mi yas sa ba ki faɗi ba tun wancan lokaci?”

“Sad da nig gane, an riga an rufe shi, Malam. Ba ka tambaye ni ba. Kuma ɗan fari na.”

Ya gyara zama a kan turmin. Sannan ya ce, “To, yanzu na tambaye ki.”

Ta sake jero masa su, har da matan da suka haife su, da 'yan'uwan matan, da inda aka kai kowace aure. Inda saninta ya ƙare, bayan kaka ya hau bayan babur ya tafi Fakku da kansa ya zauna da tsofaffin matan gidansu ya ƙarasa. Gwangwanin nan ban sake ganinsa ba. Ɗalibi in ya kwanta sai ya tura shi asibiti, ya ce a gaya wa likita ko wani a dangin uwarsa ya taɓa yin baƙin fitsari. Bai taɓa yin zancen ƙwayar da ya sa wa Yaya a baki ba, mu ma ba mu taɓa yi masa ba, amma daga shekarar nan ya tsufa. Mu mata kuwa, ni da ƙannena, aka sa mu haddace salsala ta biyu yadda muka haddace ta farko. Ni ma na koya wa nawa 'ya'yan mata, na ce kowace ta haifi namiji ta faɗa wa likita tun kafin ya tambaya, kuma kada in ga kafur a akwatin kowa.

Kwanan baya jikata, 'yar 'yata, wadda ke karatun haɗa magunguna, ta zo hutu tana yi mini burga. Wai zamani na zuwa, har ma ya fara a wasu wurare, da za a ɗebi jinin mutum ko yawunsa a karanta abin da ya gada, a zaɓa masa magani daidai jikinsa kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Wai ba sauran a ba kowa abu ɗaya a zuba ido. Na ce mata madalla, Allah Ya kawo shi har Fakku, kada ya tsaya a inda kwalta ta tsaya. Na kuma ce kafin na'urar tasu ta iso, in ta zama ma'aikaciya aka kawo mata yaro, ta leƙa bayan ƙofa ta ga wa ke zaune a kan benci. Ta yi dariya ta ce tsohuwa ta fara wa'azi. Na bar ta, don ba ta san kawun nata, ɗan nan nawa na fari, ba sai da na'urar ji a kunne, tana ganin haka aka haife shi.

Ba haka aka haife shi ba. Mun isa asibiti da sauran rai, amma ba mu isa da wuri ba. Ya fara tafiya, ya fara ɓarna, sai muka lura in kwano ya faɗi a bayansa ba ya waiwayowa. Aka koma Sakkwato aka ce shawarar ta taɓa jinsa. Yana ji, amma sai an ɗaga murya sosai. Wannan safiyar da na ga idonsa na yi shiru, da kwanakin da ya yi naɗe cikin kayan kafur, ban san wanne ne ya ci kunnen ba, likita ma bai sani ba.

Goggo ta so a yi masa laƙabi, yadda ake yi wa mai sunan babba, don a sauƙaƙa wa kowa. Na ƙi. Yaron da da kyar yake jin suna ɗaya ba zan ɗora masa biyu ba. Kuma ba yadda za a yi uwa ta tsare kurma daga bakin rijiya ko gaban babur da “wancan”. Saboda haka na zama matar da ke tsayawa a tsakar gida tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa, har a ji a gida na uku. An yi da ni a Dogon Daji, an yi da ni a Tambuwal, wai boko ya cire mini kunya. Ban fasa ba.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, zuwa gida. Duk sanda na kira shi a gaban Inna sai in ga kafaɗarta ta motsa. Ita har lokacin “mai gidana” take ce masa, ko “angon”, ta taɓa shi a kafaɗa in tana son ya juyo.

Wata rana da hantsi muna Tambuwal, ina ɗaki ina shafa wa ƙanwarsa mai, shi yana wasa a tsakar gida. An sauke tukunyar ruwan zafi an ajiye a gefen murhu. Na hango shi ta ƙofa ya nufe ta da gudu yana bin ɗan tsako, hannuna duk mai, jaririya a cinyata. Inna tana can bakin ɗakinta, ta yi nisa da shi, ƙafafunta kuma sun riga sun yi nauyi. Kafin in buɗe baki na ji ta kira shi. Bai ji ba. Ta miƙe tsaye ta sake kira, da dukan ƙarfinta, sunan nan ya cika gidan har karatu ya tsaya a zaure. Yaron ya ja birki ya waiwayo yana neman mai kiransa.

Ya riga ya tsaya, ya riga ya juyo, yana tahowa wajenta da 'yar dariyarsa. Amma Inna ba ta daina ba. Ta buɗe hannuwa tana ta kiran sunan, tana maimaitawa, har ya iso ya faɗa jikinta.